Kwamfutar da Ta Ce Lokaci Bai Yi Ba

Kassilompo, Talata

Ƙanena Sangkala,

Gaisuwa daga gida, kai da matarka Wulan. Ina fata tarin nan da sanyin ɗakin injinanku ke sa ka ya sake ka. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Iskar yamma ta fara, kuma rufin masallaci ya koma ɗiga daidai inda liman ke tsayawa.

Har yanzu babu sabis a tsibirin nan, kada ka tambaya. Wayoyinmu ne ke shiga kwandon Daeng Nompo mai jirgi duk ranar da zai kai kifi Makassar, su je su sauke saƙonninmu, su ɗauko naku, ya dawo mana da su suna ƙarnin kifi. Ta nan wannan wasiƙa za ta iso ka.

Ga abin da ya sa na neme ka. Bara, da muka ɗauki 'yan ajin ƙarshe zuwa jarrabawa a birni, injin jirgi ya mutu a tsakiyar teku. Yini guda ruwa na wasa da mu kafin wani jirgin gishiri ya tsince mu. Ba wanda ya rasu, alhamdu lillahi, amma iyaye sun yi rantsuwa. Daeng Te'ne, uwar Marwah, ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malama, in takardar nan sai an haye ruwa, Marwah ta yafe. Ai ta iya shanya kifi." Yarinyar da ke son zama ungozoma ke nan, kuma kanta ya fi nawa ja.

Ofishin ilimi ya ce in muna da kwamfutoci masu aiki, da manhajar jarrabawa a kai, sufeto zai zo ya duba, yara su rubuta a nan. Wani kamfani ya ba mu tsofaffin kwamfutocinsa tun kafin azumi. Matan unguwa suka yi musu aikin gayya: aka kwance su, aka hure ƙura da ƙwan tsaka, aka kimtsa komai yadda ya kamata, aka lulluɓe da zannuwa. Har gwangwanin shinkafar mahaifiyarmu Ammak na kai makaranta don hidimar. Ganin haka na tsaya a barandar masallaci na ce wa iyaye bana ba ɗan da zai hau jirgi. Bakina ya riga hankalina fita, Kala.

Pak Idrus, shugaban makarantarmu, ya ɗora min aikin, don a wurinsa duk abin da ke da lamba na malamar lissafi ne. Babbar cikin kwamfutocin ita za a ɗora wa manhajar ta raba wa sauran, kuma sai da intanet. Na naɗe ta da leda da zane, na rungume ta a cinya har Makassar, na zauna a shagon kofi na Koh Aseng kusa da tashar jirgi. Na buɗe baƙin allon nan, na rubuta apt install da sunan manhajar, yadda takardar ofis ta nuna. Ka san me ta ce? Wai ba ni da izini. Har tana tambayata ko ni ce mai gidan! Ni da na ɗauko ta kamar jaririya.

Na kira ka har wayata ta yi zafi. Na san taka tana kulle a akwatin ƙarfe a bakin ƙofar aikinku, amma na kira dai. Ruwa ya fara janyewa, Daeng Nompo na ta buga ƙaho, na tattara na dawo.

Sufeto zai zo kafin watan nan ya ƙare. Ka gaya min abin da take so.

Yayarka,
Rosmiati Daeng Sunggu


Batam, Alhamis

Daeng,

Na gode da gaisuwa. Tari ya tafi. Wulan na lafiya, tana gaishe ki, ta ce in gaya miki har yanzu ba ta gama gane mutanen tsibirinku ba, kuma ni ne hujjarta. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki daina ɗaukar guga biyu.

Na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Kwamfutarki ba raini ta yi miki ba, tarbiyya gare ta. Kin tuna yadda Ammak ke murɗe mana kunne in mun wuce gaban manya ba mu sunkuya mun ce tabe, wato gafara, ba? To ita ma tana da tata kalmar. Ki sa sudo a gaban kowane umarni. Bambancin kawai, wannan tabe ɗin na nufin "ni ce mai gidan, matsa min." Za ta nemi kalmar sirri, ki duba takardar da kamfanin ya manna a gefenta. In kina bugawa ba ki ga komai a allo ba, kada ki firgita, haka take ɓoyewa.

Abu biyu za ki yi. Na farko sudo apt update. Wannan apt ɗin ɗan aike ne mai zuwa rumbun manhajoji, kuma ba ya fita sai ya karɓi sabon jerin abin da ke rumbun. In ya gama, sai ki sake umarnin da kika yi da farko, da sudo a gaba. Aikin shan kofi ɗaya ne, Daeng, kafin Koh Aseng ya kawo miki gasasshiyar ayaba kin gama.

Labarin jirgin bara kuwa, ba ki taɓa gaya min yini guda kuka yi ba. Cewa kika yi "ɗan jinkiri".

Ƙanenki,
Kala


Makassar, Litinin

Kala,

Lafiya muke. Gwiwa na nan da halinta. Daga shagon Koh Aseng nake rubuto maka, kofi na uku ke gabana, don haka ka san inda "shan kofi ɗaya" ɗinka ya kwana.

Tabe ɗinka ya yi aiki, ban hana ka wannan ba. Ta karɓi kalmar sirri, ta fara zubo rubutu yana gudu, har na gyara zama ina jin kaina wata. Sai ta tsaya. Ta ce jerin da ta samo daga rumbu bai fara aiki ba tukuna, lokacinsa bai yi ba, don haka ba za ta taɓa shi ba. Ta jero wasu lambobi a baya, irin na jikin kwalin magani. Na sake, ta maimaita. Na kashe na kunna, ta maimaita. Na ce to bari in tsallake in nemi manhajar kai tsaye, ta ce ba ta san mai wannan suna ba.

Koh Aseng ya zo ya tsaya a kaina da tsumma a kafaɗa, ya ce, "Malama, ni rediyona in ya ƙi, mari ɗaya nake masa." Na ce ya taɓa ta ya gani.

A gadar katakon da jirgi ke tsayawa, da safe iyaye mata sun rako ni kamar mai tafiya Makka. Marwah ce ta riƙe min lema a kan kwamfutar har na zauna. Yanzu zan koma in same su a tsaye a wurin. Ban san da wace fuska zan sauka ba.

Iska na ƙaruwa. Daeng Nompo ya ce fitowa ɗaya ko biyu suka rage masa kafin ya ɗaure jirgi.

Sunggu


Batam, Talata

Daeng, ina hutun rabin aiki, a tsaye nake. Wannan yakan faru in masu rumbun na cikin sabunta kayansu. Ki jira kwana ɗaya ki sake gwadawa. In ta ƙi, ki karanta abin da ta rubuta da kyau, duka, har ƙarshe, ki turo min hoto. Kada ki taɓa wani abu daban. Gaisuwa.

K.


Kassilompo, Juma'a

Sangkala,

Muna lafiya, tunda ba ka tambaya ba.

Na karɓi layukanka a bakin gada, gaban mutane, ina murmushi don kada su gane. "Ki karanta da kyau." Ni? Ni da na koya maka baƙaƙe da tsinke a kan yashi, kana kuka kana cin majina? "Kada ki taɓa wani abu." To, ranka ya daɗe, na ji.

Kuma ka ce in jira kwana ɗaya in sake gwadawa. A Batam sake gwadawa danna maɓalli ne. A nan hawa jirgi ne tun asuba da kwamfuta a cinya, igiyar ruwa na dukan bayana, ina rufe ta da jikina don kada ta jiƙe, ina amai ta gefe. Ka manta, ko? Ba mamaki. Tun da muka rufe Ammak ƙafarka ba ta taka yashin nan ba. Ban taɓa yi maka maganar ba, yau na yi.

Jiya Daeng Te'ne ta aiko min da busasshen kifi, ta ce a gaya min kada in wahalar da kaina, sun san na yi ƙoƙari. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Marwah ta daina zuwa darasin yamma. Na gan ta a wurin shanya, ta juya min baya kamar ba ta gan ni ba.

Gobe zan sake fita. Zan ɗauko maka hotonka.

Rosmiati


Makassar, Asabar

Kala! Kala, ƙanena mai kunnen ƙashi!

Lafiya ta fi lafiya. Wasiƙar jiya za ta iso ka tare da wannan, ba yadda zan yi in janye ta. Rabinta ma ban janye ba. Amma saurara.

Na jira fiye da kwanan da ka ce, na sake, ta sake cewa lokaci bai yi ba. Na ɗaga waya zan ɗauki hoton, raina a ɓace, na ce bari dai in karanta "da kyau" don in sami abin da zan jefe ka da shi. Sai idona ya faɗa kan lambobin nan da na ɗauka na jikin kwali ne. Ashe ƙidaya ce. Tana gaya min saura kwana nawa jerin ya fara aiki: dubu huɗu da ɗoriya! Na jawo takardar goge baki ta Koh Aseng na raba da kwanakin shekara. Shekara goma sha biyu da wani abu.

Na zauna ina kallonta. Wane mahaukaci ne zai rubuta jerin da ba zai yi aiki ba sai bayan shekara goma sha biyu? Babu. To in jerin bai yi gaba ba, ita ce ta yi baya. Na bincika a wayata yadda ake tambayarta kwanan wata. Kalma ɗaya ce, date. Na buga.

Kala, a wurinta yau ɗaya ga Janairu ne, shekarar 2012. A wurinta Ammak na nan da rai tana tsintar tsakuwa a shinkafa, kai kuma ko gashin baki ba ka yi ba. Wallahi sai da na ɗan jima kafin in iya gyara mata. Na ji kamar ni ce zan kai mata labarin rasuwar.

Na share ido na buga mata ranar yau, da tabe ɗinka a gaba. Na ce ta ɗauko jeri. Ta ɗauko! Na ce ta ɗora manhaja. Ta tambaye ni ko na yarda ta kwaso wasu ƙananan kaya da manhajar ke bukata, na ce kwaso har da na maƙwabta. Rubutu ya yi ta gudu, ya kai ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya. Na buɗe, ga tambarin jarrabawa ya cika allo.

Ihun da na yi, wani mai shan kofi sai da ya zubar a wando. Koh Aseng ya rugo yana cewa, "Wa ya mutu?" Na ce ba wanda ya mutu, kawo ayaba faranti biyu. Daeng Nompo ya shigo kirana, na kama hannunsa na nuna masa allon. Ya duba ya duba, ya ce, "To madalla. Ita ma ta biya kuɗin jirgi yanzu?"

Sama ta yi baƙi ta yamma, muna tashi yanzu. Ka gaishe da Wulan. Ka ce mata malamar lissafi ce ta yi.

Yayarka, wadda ta iya karatu,
Sunggu


Batam, Lahadi

Daeng,

Ina fata kun sauka lafiya, don na ga labarin iskar. Mu lafiya lau. Wasiƙunki biyu sun iso tare, ɗaya ta mare ni, ɗaya ta rungume ni, kuma duka na cancanta. Layukan nan na ranar Talata a tsaye na buga su a bakin akwatin waya, mai gadi na nuna min agogo. Ba raini ba ne. Amma gaskiyarki, na manta nauyin kalmar "sake gwadawa" a wurinku. Maganar rashin zuwana kuwa, ba ni da amsa mai kyau. Gidan ne ban san yadda zan shiga ba in Ammak ba ta ciki.

Abin da kika yi, ni da nake cin abinci da wannan sana'a ban kawo shi a raina ba. Injinanmu na nan da kansu suke saita agogo in sun sami intanet, naku an datse musu wannan. Na karanta wa Wulan wasiƙarki sau biyu.

Yanzu ki nutsu ki ji, don akwai saura. Tun jiya abu ɗaya ke cina: me ya mayar da ita 2012? A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan baturi, fari, mai faɗin maɓallin riga. Shi ke riƙe mata agogo in an cire wuta. In babu shi, duk sanda aka kashe ta sai ta koma ranar da aka haife ta. Na ce ƙila na babbar ne ya mutu.

Da safen nan muna karyawa, Wulan na neman kunna talabijin, rimot ya ƙi. Ta buɗe bayansa, wayam. Ko kallona ba ta yi ba, ta wuce kicin ta tura hannu cikin robar shinkafa ta zaro batura biyu, ta ce, "Maigida, shekara nawa za ka yi kafin ka yarda babu teku a hawa na shida? Wane gishiri ne zai hau lif ya zo ya ci maka baturi?"

Daeng, cokali ya faɗi daga hannuna.

Wa ya taɓa barin baturi a cikin tocila ko rediyo a Kassilompo? Iskar gishiri ta cinye shi ya zubar da ruwa ya kashe abin? Kowace mace a tsibirin nan, in ta buɗe na'ura ta ga baturi, hannunta zai cire shi ya kai shinkafa tun kafin kanta ya sani. Matan da suka yi muku aikin gayya matan kirki ne. Na rantse ba kwamfuta ɗaya da suka bari da nata. Ba babbar kaɗai ba ce, dukkansu a 2012 suke, kuma duk sanda janareta ya yi tari can za su koma.

Ki nemo inda suka adana su. Ki mayar wa kowace nata, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama, ki danna har ya yi ƙas. Sannan ki saita ranar sau ɗaya. Shi ke nan.

Allah ya sa kwandon ya fito da wuri.

Kala


Kassilompo, Laraba

Kala,

Ban san ranar da wannan za ta fita ba. Jirgi na ɗaure, teku ta haukace, rabon da kwando ya motsa tun dawowarmu. Lafiyar jiki dai akwai.

Na yi saurin ihu. Da muka iso aka yi ta guɗa a gada, Marwah ta dawo aji, Pak Idrus ya yanka kaza. Washegari muka ta da janareta, na jona babbar, manhaja ta ƙi buɗewa. Na tambaye ta rana: 2012. Na gyara. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duk haka, na gyara su duka, komai ya tashi tsaf. Ana cikin murna janareta ya shaƙe ya dawo, kamar yadda ya saba. Kala, gaba ɗayansu suka koma.

Na yi ta yi har yatsuna suka ƙage. Zan iya bin su ina gyarawa, amma dokar jarrabawa ta hana malami taɓa kwamfuta in yara sun zauna, kuma sufeto da kansa zai kashe ya kunna ya gani. Janaretanmu kuwa ka san shi, ba ya awa biyu bai yi tari ba.

Pak Idrus ya ce ko a kira liman ya yi musu addu'a. Na ce a kira, ba abin da zai rage. Ban gaya wa iyaye ba. Da na wuce wurin shanya ɗazu Daeng Te'ne ta ɗaga min hannu tana dariya, na ɗaga mata.

Me ke jan su baya haka? Ji nake kamar akwai abin da na sani na manta.

Sunggu


Kassilompo, Alhamis ta sama

Ƙanena, ɗan Ammak na gaskiya,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Wulan, wadda daga yau ta fi ka matsayi a wurina. Gwiwata ta kumbura don na yi gudu, kuma ban yi nadama ba. Zauna ka sha labari.

Iska ta lafa ranar Lahadi, Daeng Nompo ya fita da kwando. Litinin da hantsi sai ga shi ya dawo da kwandon a gaba, da sufeto a baya. Jirgi ɗaya suka hau! Bawan Allah ya sauko fuskarsa kamar ɗanyar gwanda, takalmi a hannu, ko sallama bai iya amsawa ba. Pak Idrus ya tallabe shi ya kai gida, ya ce a dafa masa shayin citta ya ɗan kwanta. Ni kuwa na tsaya a gada na ciro wayata daga ƙarƙashin ta liman, na buɗe wasiƙarka.

Da na kai wurin rimot ɗin Wulan, sai na zauna a kan katako. Kala, ina wurin aka cire su! Da idona na ga Daeng Te'ne na ɓanɓaro su da bakin cokali, na ce mata sannu da ƙoƙari. Gwangwanin ma ni na kawo. Wa ke tuna ya cire takalmi a ƙofar masallaci? Haka abin ya wuce min.

Na kwasa da gudu zuwa wurin shanya ina kiran sunanta. Ta fito da wuƙa a hannu ta ce, "Lafiya, Malama? Gobara?"

Na ce, "Baturan kwamfuta! Ina suke?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina teku take. "Suna inda ake sa baturi mana. A saman kabad ɗin ofis. Ko ɗaya bai yi tsatsa ba, ni na adana su."

Na ce, "Su ne agogonsu, Daeng. Mu muka tsayar musu da lokaci."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni 'yasu! To wa ya ce su ɓoye agogo a ciki kamar ɓarayi?"

Kafin in rufe baki ta yi kururuwa, matan aikin gayya suka fito, wata da goyo, wata da garin kwaɓa a hannu. Aka juye gwangwani a faranti, ana tsintar batura a cikin shinkafa. Sukudireba ɗaya gare mu, sauran da wuƙar gyaran kifi suka kwance. Ni ina bi ina duba alamar tarawa, ina jin ƙas, ina buga rana. Matar Pak Idrus ta aiko cewa baƙo ya tashi yana neman takalmi. Daeng Te'ne ta ce, "A ƙara masa citta! A ce kifi na kan wuta, abin kunya ne ya fita bai ci ba!" Sai da aka ciyar da mutumin nan gasasshen kifi har ya roƙi a ƙyale shi.

Ya shigo aji muna ɗaure murfin ƙarshe. Ya zagaya, ya buɗe manhaja, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce a kashe janareta. Mata sun cika tagogi. Aka ta da shi. Allunan suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya ya duba na farko, ya duba na biyu, ya bi layi har ƙarshe. Kowace na faɗin ranar Litinin ɗin da muke ciki. Ya zaro biro ya sa hannu, ya ce, "Makarantun birni ma ba duka suka shirya haka ba. Amma me ya kawo shinkafa cikin wannan?" Sai guɗa ta tashi.

Jiya aka rubuta jarrabawa, Kala. A nan. Yara suka taho da ƙafa daga gidajensu, gashi a taje, wasu ko takalmi ba su ɗaure ba. Janareta ya yi tarinsa sau biyu, kwamfutoci suka dawo daidai inda suke. Teku na ta haukanta a bayan makaranta, iyaye mata na zaune a inuwa sun ba ta baya, ba wadda ta ko waiwaya. Marwah ce ta fara fitowa. Uwarta ta ce, "Yaya?" Ta ce, "Lissafin ya yi sauƙi." Na shige bayan kabad na yi kukana son raina.

Da yamma Daeng Te'ne ta zo da cokalinta ta ce, "To Malama, tunda an gama, mu cire su kada gishiri ya ci?" Na ƙwace cokalin. Yana jakata yanzu haka.

Saura abu ɗaya. Da na zo mayar da shinkafa cikin gwangwani, na ga wani abu a ƙasa wanda ba na kwamfuta ba. Manyan batura biyu, an ɗaure su da jan zare. Na tocilarka ne, mai ruwan ganye, wadda ka bari a kan taga ranar da ka tafi Batam. Ammak ce ta cire su da hannunta. Na tuna abin da ta ce tana ɗaurewa: kada yaron nan ya dawo ya tarar gishiri ya cinye masa.

Tocilar na nan a kan tagar. Ban mayar mata da su ba, ba nawa ba ne.

Yayarka,
Sunggu


Batam, Asabar

Daeng,

Muna lafiya. Wulan ta ce in daina karanta wasiƙarki a kan abinci, ina sa wa miya gishiri.

Ki gaya wa Marwah ina taya ta murna. Ki gaya wa Daeng Te'ne zan kawo mata cokali sabo, amma na shayi. Ke kuma ki ɗaga ƙafar nan ki huta, kin ci.

Baturan nan sun daɗe da mutuwa, na sani, aikina ne. Kada ki jefar. Na nemi hutu an ba ni, farkon wata. Ki ce wa Daeng Nompo ya bar mana wurin mutum biyu kusa da kwandon. Ni zan saka su da hannuna.

Ƙanenki,
Kala